Hamadou Djibo Issaka: Ɗan Nijar da ya yi tseren kwale-kwale a gasar Olamfik

Hamadou Djibo Issaka ɗan wasan Jamhuriyar Nijar ne da aka haifa ranar 3 ga Yulin 1977. Shi ne mutum na farko da ya wakilci ƙasarsa a tseren kwale-kwale na gasar Olamfik, a wadda aka yi a birnin Landan a 2012, yana da shekara 35. Ya fafata a ajin mutum ɗaya na maza, ya kuma zo na 33 cikin 'yan wasa 33. Duk da haka sunansa ya karaɗe jaridun duniya, domin horon da ya samu kafin gasar bai wuce na wata uku ba, alhali abokan karawarsa sun shafe shekaru suna wannan sana'a. Shigarsa gasar ta kuma tayar da muhawara a kan ko wane ne ya cancanci gurbi a Olamfik.

Yadda wasan yake

Tseren da ake magana a kai ya sha bamban da tuƙin da aka saba gani a kogunan ƙasar Hausa, inda matuƙi ke fuskantar inda ya nufa da filafili ɗaya a hannu. A wannan wasa ɗan tsere yana juya wa inda ya dosa baya. Filafilan a maƙale suke a gefen jirgin, mazauninsa kuma yana kan 'yan tayoyi, yana zamewa gaba da baya, ta yadda mafi yawan ƙarfin tuƙin daga ƙafafu yake fitowa kafin gadon baya da hannuwa su ƙarasa. A ajin mutum ɗaya, ɗan wasa yana riƙe da filafili biyu, ɗaya a kowane hannu.

Jirgin siriri ne, tsawonsa ya kai kimanin mita takwas, faɗinsa kuma bai fi wurin zaman mutum ɗaya ba. Doka ta hana nauyinsa ya gaza kilo 14. Saboda wannan siranta, sabon shiga yakan daɗe yana koyon zama a ciki ba tare da ya kife ba, kafin a zo batun gudu. Nisan tseren mita 2,000 ne a miƙe, kowane jirgi a layinsa. An kafa hukumar wasan ta duniya, FISA, a 1892. An fara yin sa a Olamfik a Faris a 1900, mata kuma suka shiga a 1976.

Daga ninƙaya zuwa tuƙi

Issaka mazaunin Yamai ne, birnin da ke gaɓar Kogin Neja. Aikinsa kula da lambu da kuma wurin ninƙaya, kuma ta hanyar ninƙayar ce ya fara shiga harkar wasanni. A ƙarshen 2011 aka tura shi Masar wani sansanin koyar da tuƙi da aka shirya wa 'yan ƙasashen Afirka, daga baya ya ƙara samun horo a Tunisiya. A lokacin Nijar ba ta da jirgin tsere irin na gasa, don haka a gida da kwale-kwalen masunta yake motsa jiki.

Ba ta hanyar gasar share fage ya samu gurbi ba. Kwamitin Olamfik na Duniya yana da tsarin gayyata ta musamman, wanda wani kwamiti mai ɓangare uku ke kula da shi: shi kansa Kwamitin Olamfik, da ƙungiyar kwamitocin Olamfik na ƙasashe, da hukumar wasan da abin ya shafa. Manufar tsarin ita ce a ba ƙasashe masu ƙananan tawagogi damar fitowa a wasannin da ba za su iya tsallake share fagensu ba. Nijar na cikin irin waɗannan ƙasashe. Tun da ta fara halartar Olamfik a 1964, lambar yabo ɗaya tak take da ita kafin 2012, wato tagullar da Issaka Daboré ya ci a dambe a Munich a 1972.

Tsere huɗu a Landan

An gudanar da gasar tuƙin a tafkin Dorney, mallakar makarantar Eton, a yammacin Landan. Tsarin wasan ba ya sallamar wanda ya sha kaye a zagayen farko. Ana ci gaba da haɗa shi da tsararrakinsa har a tantance matsayin kowa. Wannan ya sa Issaka ya yi tsere huɗu, kuma a duka huɗun shi ne na ƙarshe.

A zagayen farko, ranar 28 ga Yuli, ya kammala cikin minti 8 da daƙiƙa 25.56, kuma shi ne lokacinsa mafi kyau. Washegari, a zagayen dama ta biyu, ya yi minti 8 da daƙiƙa 39.66. A zagayen tantance matsayi ya yi minti 9 da daƙiƙa 7.99, sannan a tserensa na ƙarshe ya yi minti 8 da daƙiƙa 53.88. Wanda ya ci zinare a ajin, Mahé Drysdale na New Zealand, ya kammala tseren ƙarshe ranar 3 ga Agusta cikin minti 6 da daƙiƙa 57.82. Ondřej Synek na Jamhuriyar Czech ya ci azurfa, Alan Campbell na Birtaniya ya ci tagulla. Iska da yanayin ruwa suna sauya lokaci daga rana zuwa rana, amma ko da an yi la'akari da haka, tazarar minti ɗaya da rabi a mita 2,000 tana nufin zakara ya gama yayin da na baya ke da sauran ɗaruruwan mitoci.

Wannan sauran tafiya da ya riƙa yi shi kaɗai ita ce ta ja hankalin 'yan kallo. Dubban mutanen da ke gaɓar tafkin sun riƙa miƙewa suna yi masa tafi da sowa har ya tsallake layi, wani lokaci ya kife a kan filafilansa saboda gajiya. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Jaridun Birtaniya sun laƙaba masa sunaye, ciki har da wanda ke nufin “Issaka karen ruwa”, suna kwatanta shi da Eric Moussambani na Equatorial Guinea, wanda ya yi ninƙayar mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72 a gasar Sydney ta 2000.

Muhawarar da ta biyo baya

Ba kowa ne ya yi na'am da shigarsa ba. Steve Redgrave na Birtaniya, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik biyar a jere daga 1984 zuwa 2000, ya nuna cewa akwai matuƙan da suka fi shi ƙwarewa nesa ba kusa ba a wasu ƙasashe, waɗanda ƙa'idar rabon gurabe ta hana su zuwa. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce Olamfik dandalin gwanaye ne, kuma mutumin da ya ba da shekara goma na rayuwarsa ga wasa bai kamata ya zauna a gida ba yayin da sabon shiga ke cikin fage.

Hukumar FISA ta kare matakin da cewa gurbin nasa ƙari ne, ba a ƙwace wa kowa ba, kuma ta irin wannan hanya ce wasan zai isa ƙasashen da ba su san shi ba. Shi kansa Issaka ya bayyana wa manema labarai burinsa na ci gaba da horo domin gasar Rio ta 2016, da fatan zuwansa Landan zai zama mafarin wasan a Nijar. Sai dai tawagar Nijar a Rio ba ta da ɗan tseren kwale-kwale. A can ne Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa ƙasar lambarta ta biyu, azurfa a takwando.

Ajin marasa nauyi da zinaren Ndlovu

Tuƙi wasa ne da ke fifita dogo mai ƙiba. Tsawon Drysdale, alal misali, ya kai mita biyu. Domin buɗe ƙofa ga masu matsakaicin jiki aka ƙirƙiro ajin marasa nauyi, wanda ya shiga gasar duniya ga maza a 1974, ga mata a 1985, ya kuma shiga Olamfik a Atlanta a 1996. A wannan aji namiji ba ya wuce kilo 72.5, matsakaicin nauyin 'yan jirgi ɗaya kuma ba ya wuce kilo 70. Ga mata kilo 59 ne da 57. Ana auna kowa awa ɗaya zuwa biyu kafin tsere. Olamfik ba ta taɓa samun ajin marasa nauyi na mutum ɗaya ba, don haka duk wanda ya shiga shi kaɗai, kamar Issaka, da ƙatta yake karawa.

A tafkin da Issaka ya yi tserensa, kuma a makon, wani ɗan Afirka ya nuna abin da dogon horo ke haifarwa. Ranar 2 ga Agusta, Sizwe Ndlovu na Afirka ta Kudu tare da James Thompson da Matthew Brittain da John Smith suka ci zinare a ajin mutum huɗu marasa nauyi, cikin minti 6 da daƙiƙa 2.84. Daga baya suka taso a mita 500 na ƙarshe, suka wuce Birtaniya da rubu'in daƙiƙa, Denmak ta zo ta uku. Shi ne zinaren farko na Afirka ta Kudu a wasan, Ndlovu kuma ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinaren tuƙi a Olamfik. An haife shi a 1980, ya fara tuƙi yana ɗalibin sakandare a Johannesburg a ƙarshen shekarun 1990. Kimanin shekara 15 ya yi tsakanin shigarsa jirgi da hawansa dandalin karɓar lamba, a ƙasar da ke da kulob-kulob da jirage da masu horarwa.

Wannan ƙofa ta marasa nauyi yanzu ta rufe a Olamfik. An cire ajin mutum huɗu bayan gasar Rio, na mutum biyu kuma an yi shi na ƙarshe a Faris a 2024, inda Paul O'Donovan da Fintan McCarthy na Ireland suka ci na maza. A Los Angeles a 2028, gajeren tseren gaɓar teku ne zai maye gurbinsa.

Wasan a Najeriya

Najeriya ta fara fitowa a tuƙin Olamfik a Rio a 2016, ta hannun Chierika Ukogu, wadda aka haifa a Amurka, ta yi karatu a Jami'ar Stanford, ta kuma nemi gudummawar jama'a ta intanet domin ɗaukar nauyin horonta. Esther Toko ta biyo bayanta a gasar Tokyo da aka yi a 2021. Dukansu a ajin mutum ɗaya na mata suka fafata.

A Arewa, tseren kwale-kwale na gargajiya tsohon abu ne: ana yin sa a bikin kamun kifi na Argungu da bikin Rigata na Yawuri, duka a Jihar Kebbi. Jihar Kano ma ba ta rasa kwantaccen ruwa irin wanda wasan ke buƙata ba. Akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da Watari a Bagwai, da Guzu-Guzu a Kabo, da Challawa a Ƙaraye mai maƙwabtaka da Gwarzo, kuma masunta na tuƙi a kansu kullum. Yamai ma a bakin kogi take. Tarihin Issaka da na Ndlovu ya nuna cewa bayan ruwa da ƙarfin jiki, ɗan tsere yana buƙatar jirgin gasa, da mai horarwa, da shekarun atisaye tun yana ƙarami.