OK: Zolayar 'Yan Jarida da Ta Zaga Duniya

Ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta Amurka ta buga wani rubutu tana zolayar wata jaridar birnin Providence. A ciki aka cusa haruffa biyu, o.k., aka ce suna nufin "all correct", wato komai daidai. Da gangan aka yi kuren, kamar an rubuta "oll korrect". Abin da 'yan jaridar Boston ke yayi ke nan a lokacin: su karkata rubutun kalma, sannan su taƙaita ta. An yi O.W., an yi K.Y., duk sun bi ruwa.

Siyasa ce ta ceci OK. Shugaba Martin Van Buren ɗan garin Kinderhook ne a jihar New York, ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook. Da zaɓen 1840 ya zo, magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club. 'Yan adawa suka yi caraf, suka baza cewa ubangidansa, tsohon shugaba Andrew Jackson, shi ya ƙago haruffan don bai iya rubutu ba. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma kafin ƙurar ta lafa kalmar ta shiga bakin kowa. Daga nan ma'aikatan telegiraf suka riƙe ta don tabbatar da isar saƙo, ga ta gajera.

Da ta yi suna, sai aka shiga nema mata dangi. Shugaba Woodrow Wilson yakan rubuta "okeh", ya yi imani daga harshen 'yan Choctaw ta fito. Wasu suka ce Girkanci, wasu suka ce Wolof na Senegal. Labarai ne masu daɗin ji, sai dai hujjarsu ba ta taka kara ta karya ba. Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono tsofaffin jaridu, ya gano asalinta a jaridar Boston ɗin nan, ya baje shaidarsa a mujallar American Speech a 1963 da 1964.

Furucinta sunayen haruffan ne kawai, "o" da "kei". Rubutun "okay" daga baya ya biyo. Ma'ana kuwa ta ɗan zame. Baturen da aka tambaya yadda abinci ya yi, ya ce OK a sanyaye, ba yabo ya yi ba, cewa ya yi ba laifi.