Osibisa: Ƙungiyar da ta kai gangar Afirka fagen kiɗan Birtaniya

Osibisa ƙungiyar makaɗa ce da wasu 'yan Afirka ta Yamma da 'yan tsibiran Karibiyan suka kafa a birnin Landan a shekarar 1969.

Tana cikin ƙungiyoyin farko na 'yan Afirka da faya-fayensu suka yi kasuwa sosai a Turai, a zamanin da akasarin Turawa ke ɗaukar kiɗan Afirka a matsayin abin nazari ga masana al'adu kawai.

Mutuwar jagoranta, Teddy Osei, a Landan cikin watan Janairun 2025 ta sake jawo hankali ga tarihin ƙungiyar, da kuma irin hanyar da ta share wa mawaƙan Afirka na yau.

Asalin ƙungiyar

An haifi Teddy Osei ne a Kumasi, ƙasar Ghana. Ya fara yin suna a gida tare da wata ƙungiya mai suna The Comets, wadda ke kiɗan highlife, salon da ya mamaye gidajen rawa na Ghana da kudancin Nijeriya a lokacin.

A shekarar 1962 ya tafi Landan, inda ya yi karatun kiɗa, ya kuma kafa wata ƙungiya mai suna Cat's Paw.

A shekarar 1969 ne ya jawo ƙanensa Mac Tontoh, mai busa begila, da kuma Sol Amarfio, makaɗin ganguna, suka haɗu da shi a Landan.

Sauran waɗanda aka fara tafiyar da su sun haɗa da Lasisi Amao daga Nijeriya, da Wendell Richardson mai kaɗa jita daga Antigua, da Robert Bailey mai fiyano daga Trinidad, da kuma Spartacus R daga Grenada.

Sunan ƙungiyar dai yana da alaƙa da osibisaba, wani tsohon salon kiɗa na al'ummar Fante da ke gaɓar tekun Ghana.

Salon kiɗansu

Osibisa ta ɓullo ne a daidai lokacin da wani sabon salo da Turawa ke kira progressive rock ke tashe a Birtaniya.

Ƙungiyoyi irin su Yes da Genesis da King Crimson sun yi watsi da gajeriyar waƙar minti uku da gidajen rediyo suka saba da ita. Sun koma yin kiɗa mai dogon zango, wanda ke sauya taki sau da dama kafin ya ƙare, ana kuma bai wa kowane makaɗi fili ya nuna gwanintarsa.

Yawancin waɗannan ƙungiyoyi sun aro dabarunsu ne daga tsohon kiɗan gargajiya na Turai. Ita kuwa Osibisa daga gida ta ɗebo nata.

A wajenta ganga ce ke jan ragama, jita da kayan busa na biye da ita. Akan kuma ji jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, tsarin da duk wanda ya saba sauraren Mamman Shata ko Ɗan Ƙwairo ba zai ji shi baƙo ba.

Kundayen farko

A shekarar 1971 ƙungiyar ta fitar da kundaye biyu a ƙarƙashin kamfanin MCA. Na farko ya ɗauki sunanta, Osibisa, na biyu kuma Woyaya.

Tony Visconti, wanda ya yi suna wajen aiki da David Bowie, shi ya kula da ɗaukar su duka biyun. Kowanne daga cikinsu ya kai matsayi na 11 a jerin kundayen da aka fi saye a Birtaniya.

Bangon faya-fayen ma ya taimaka wajen tallata su. Mai zane Roger Dean ne ya zana giwaye masu fukafukai, waɗanda suka zama tambarin ƙungiyar. Daga baya Dean ya shahara da zana bangon kundayen Yes, abin da ya ƙara sa masu sha'awar wancan salo ke lissafa Osibisa cikin nasu.

Waƙar Woyaya, wadda sunanta ya fito daga harshen Ga na mutanen Accra, ta zama kamar take a Ghana. Mawaƙin Amurka Art Garfunkel ya sake rera ta a kundinsa na shekarar 1973.

Kundi na uku, Heads, ya fito a 1972. A shekarar 1973 kuma suka yi kiɗan wani fim na Amurka mai suna Super Fly T.N.T., sannan suka koma kamfanin Warner, inda suka fitar da Happy Children a 1973 da Osibirock a 1974.

Sauya taki

A tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar ta koma kamfanin Bronze, ta kuma karkata ga gajerun waƙoƙin rawa.

Kundin Welcome Home na 1975 da Ojah Awake na 1976 su ne suka samar da waƙoƙin da suka fi yi mata kasuwa. Sunshine Day ta shiga sahun waƙoƙi ashirin na gaba a Birtaniya a shekarar 1976, daga baya Dance the Body Music ta biyo.

Sai dai masu sharhi kan kiɗa sun sha bamban game da wannan mataki. Wasu na ganin shi ya faɗaɗa masu sauraronta, wasu kuma na cewa kundaye biyu na farko sun fi zurfi da ƙarfin hali.

A shekarar 1977 ƙungiyar ta yi wasa a bikin FESTAC da aka gudanar a Legas. A wannan shekarar ce kuma aka naɗi wasanta na zauren Royal Festival Hall da ke Landan, wanda ya fito da sunan Black Magic Night.

Ta kuma yi wasa a bukukuwan samun 'yancin kan Zimbabwe a 1980, sannan ta yi rangadi a Indiya, inda ta samu ɗimbin masoya.

Ja da baya

Daga ƙarshen shekarun 1970 kasuwar kiɗa a Turai ta juya. Salon disko da na punk sun janye hankalin matasa, ciniki ya ragu, ƙungiyar kuma ta riƙa sauya kamfanoni da makaɗa.

Da faifan CD ya shigo, an sake buga tsofaffin waƙoƙinta da dama, wasu ba tare da izininta ba. Wannan dai matsala ce da mawaƙan Afirka da yawa suka daɗe suna kuka da ita, ciki har da na ƙasar Hausa.

Teddy Osei ya sake tara makaɗa a shekarun 1990, aka ci gaba da wasanni. An fitar da kundin Osee Yee a 2009, sai kuma New Dawn a 2021, lokacin da rashin lafiya ta riga ta raba shi da hawa dandamali.

Mac Tontoh da Spartacus R sun mutu a shekarar 2010, Sol Amarfio kuma a 2022. Da mutuwar Osei a 2025, babu wanda ya rage daga cikin 'yan Ghana ukun da suka aza harsashin ƙungiyar.

A yau mawaƙan Nijeriya irin su Burna Boy da Wizkid na cika manyan filaye a Landan. Fiye da shekaru hamsin kafin haka ne Osibisa ta nuna wa kamfanonin faifai na birnin cewa kiɗan da aka gina kan gangar Afirka zai iya samun masu saye a can, ba tare da ya sauya kamanninsa ba.