Tashi da Faɗuwar Dillalin Ƙwaya a Fina-finan Birni: Wa Kyamara Take Bi?

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci fina-finai biyar da suka gina labarinsu a kan dillalin ƙwaya na birni: Scarface (1983), New Jack City (1991), Paid in Full (2002), City of God (2002) da American Gangster (2007). An bi diddigin yadda kowanne ya zana tashin jaruminsa da faɗuwarsa, aka gwada da abin da masana tattalin arziki da zamantakewa suka gano a unguwannin da ake wannan sana'a. An gano cewa mafi yawansu suna ɗora faɗuwar a kan halin mutum ɗaya, suna kau da ido daga kasuwar da ke ci gaba da ci bayansa, da kuma yaran da take laƙumewa.

Inda zubin ya samo asali

Zubin labarin ya girmi hodar iblis a fim. A zamanin da Amurka ta haramta giya, daga 1920 zuwa 1933, aka yi Little Caesar da The Public Enemy a 1931, sai Scarface na farko wanda Howard Hawks ya ba da umarni a 1932. Tafiyar ɗaya ce: talaka ɗan birni ya shiga daba, ya hau kan maigidansa, ya yi kuɗi, ya mutu a wulaƙance. Mutuwar nan ba zaɓin marubuta ba ce kaɗai. Masu tace fina-finai sun matsa wa Scarface har aka ɗauki wani ƙarshen da aka rataye jarumin, kuma dokar tace fina-finai ta Hays da aka fara tsananta aiki da ita a 1934 ta hana a bar mai laifi ya ci riba, ta kuma hana nuna fataucin ƙwaya kwata-kwata. An sassauta wannan sashe a 1956, a 1968 kuma aka jingine dokar.

A 1948 mai sharhi Robert Warshow ya yi bayanin da har yau ake komawa gare shi. A ganinsa, ɗan daban fim mutum ne da birni ya tilasta wa neman ɗaukaka, ɗaukakar ta ware shi daga jama'a, kaɗaicin kuma ya kai shi ga halaka. Da ƙwaya ta maye gurbin giya, masu fim sun gaji wannan zubi kusan ba su taɓa shi ba. Super Fly na 1972 ne ya kauce, domin jaruminsa Priest ya bar sana'ar da ransa da kuɗinsa, kuma fim ɗin ya sha suka daga ƙungiyoyin baƙaƙen fata saboda ƙawata dillali.

Faɗuwa uku, dalili ɗaya

Tony Montana, wanda Al Pacino ya fito a matsayinsa a Scarface na 1983, yana cikin 'yan Kyuba kimanin 125,000 da suka tsallako daga tashar Mariel a 1980. Ya fara da wanke-wanke a rumfar abinci a Miyami, ya sa aka kashe maigidansa Frank Lopez, ya auri Elvira da ke tare da maigidan, ya gaji kasuwar. Me ya kayar da shi? Ya dulmuya cikin shan hajarsa, ya daina yarda da kowa, ya bindige amininsa Manny saboda ƙanwarsa Gina. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, matakin da ya jawo masa ajali shi ne kusan aikin kirki ɗaya tilo da ya yi: ya ƙi tayar da bam a motar da ke ɗauke da mace da 'ya'yanta, sai uban safarar Bolibiya, Sosa, ya turo masa runduna. Mai kallo yana fita da tausayin Tony fiye da tsanarsa.

New Jack City na Mario Van Peebles ya fi kusantar titi. Nino Brown, wato Wesley Snipes, ya ƙwace wani katafaren benen haya mai suna Carter a Harlem, ya mayar da shi masana'antar kirak, wato hodar da ake dafawa ta daskare a sha hayaƙinta. Yana raba wa talakawa talotalo ranar biki, amma da aka buɗe wuta a wurin ɗaurin aure, ƙaramar yarinya ya fizgo ya kare kansa da ita. A cikin fim ɗin ma an nuna shi zaune yana kallon Scarface, alamar cewa darasin da aka ce faɗuwar Tony tana koyarwa bai shige shi ba. A gaban alƙali, Nino ya tunatar da kotu cewa ba a noman ƙwaya a Harlem, ba kuma a ƙera bindiga a can. Wannan ita ce magana mafi nauyi a fim ɗin, amma an sa ta a bakin maƙaryacin da ke neman tsira, kuma bayan mintuna kaɗan wani dattijon unguwa ya harbe shi a harabar kotu, maganar ta bi shi.

Ridley Scott ya bi wata hanyar a American Gangster. Frank Lucas na Denzel Washington ɗan kasuwa ne mai kamun kai, yana raka mahaifiyarsa coci, yana sayo hiroyin kai tsaye daga kudu maso gabashin Asiya. Kuskurensa a fim ɗin riga ce: ya sa jabbar gashi mai tsada da matarsa ta ba shi zuwa damben Muhammad Ali da Joe Frazier a 1971, ya zauna a kujerar da ta fi ta manyan 'yan Mafiya, ɗan sanda Richie Roberts ya ƙyalla ido ya gan shi. Lucas na gaskiya an kama shi a 1975, aka yanke masa shekara 70, ya ba hukuma haɗin kai, ya fito a 1981. Da'awarsa ta shigo da ƙwaya a akwatunan gawar sojojin Biyetnam kuwa, masu bincike da dama sun musanta ta, amma fim ɗin ya ɗauka ya ɗora.

Girman kai, kishi, son a sani. A duk ukun, aibin mutum ne ya kayar da shi, kamar dai da ya iya bakinsa da zuciyarsa da ya tsufa a kan mulki.

Abin da littafin lissafi ya nuna

A shekarar 2000, Steven Levitt da Sudhir Venkatesh suka buga nazari a mujallar Quarterly Journal of Economics bisa littafin shige da ficen kuɗi na wata ƙungiyar masu sayar da kirak a Shikago, na tsawon shekara 4. Shugaba yana samun kuɗi sosai. Yaran da ke tsaye a bakin titi kuwa, abin da suke samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wani lokaci ma bai kai ba, da yawansu suna haɗawa da ƙananan ayyuka. Kimanin kashi 7 cikin 100 nasu ke mutuwa kowace shekara. Philippe Bourgois, wanda ya zauna a gabashin Harlem ya rubuta In Search of Respect a 1995, ya tarar da samarin da masana'antu suka rufe suka bar su ba aiki, suna neman mutunci kamar yadda suke neman kuɗi.

Doka ma a kansu ta fi sauka. Dokar Amurka ta 1986 ta daidaita giram 5 na kirak da giram 500 na hoda, kowanne ɗaurin shekara 5 ba sassauci. Babban dila da ke shigo da hoda ya samu sarari, ƙaramin da ke tallan kirak ya cika kurkuku. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18 da 1. Waɗannan yara su ne suka fi yawa a sana'ar, amma a fim su ne ake ɗauka daga nesa, ba suna, ba uwa, harsashi ya ɗebe su a wuce.

Paid in Full ya ɗan matso kusa da su. Jaruminsa Ace yaron shagon wanki da guga ne kafin ya shiga harkar, kuma mafi munin asarar fim ɗin ta faɗa kan ƙanen abokinsa Mitch, ɗan makaranta da aka sace don neman fansa aka kashe, da hannun kawunsa a ciki. Labarin ya samo tushe daga rayuwar Azie Faison da Rich Porter da Alpo Martinez.

Riyo: da unguwa ta zama jaruma

City of God na Fernando Meirelles da Kátia Lund, wanda aka ɗauko daga littafin Paulo Lins na 1997, shi ne ya karya zubin ta ciki. Mai ba da labarin ba dila ba ne, Buscapé ne, yaro mai son ɗaukar hoto, kuma akasarin 'yan wasan daga unguwannin talakawan Riyo aka ɗebo su. Akwai fitowa guda da kyamara ta tsaya cak a cikin ɗaki ɗaya, shekaru suna wucewa, dila yana karɓa daga hannun dila, ɗakin yana nan. Babban dilan unguwar, Zé Pequeno, ya tashi, ya faɗi, amma 'yan sanda sun kama shi sun karɓe kuɗinsa sun sake shi, ƙananan yaran da shi ya ba bindiga suka kashe shi, suka kama lissafin waɗanda za su bi baya. Mutuwarsa ba ta warware komai ba, kuma fim ɗin bai yi kamar ta warware ba.

Tambayar a Kano

A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan da ke nuna shaye-shaye da garkuwa da mutane da ƙwacen waya, bisa fargabar da ta haifi dokar Hays, wato kada matasa su kwaikwaya. Fargabar tana da tushe, Nino da ke kallon Tony shaida ne. Sai dai binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya da miliyan 14.3, kuma rahoton BBC na wannan shekara kan kodin, wanda ya sa gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi, bai nuna wani Tony Montana ba. Wakilan kamfanonin magani ya nuna, da katan-katan da ake fitarwa ta bayan fage, da matasa ɗaure da mari a gidan gyaran hali a Kano. Zubin Scarface ba shi da gurbin ko ɗaya daga cikinsu.