Shan Ruwa a Hubbaren Waliyyi: Asalin Al'adar da Yadda Take a Wajenmu

Hubbare shi ne kabarin waliyyi ko babban malami da aka kewaye da gini, ake kai masa ziyara. A ƙasashen Musulmi da dama, idan azumi ya kama, mutane kan ɗauki abincinsu su je harabar irin wannan wuri su yi buɗa-baki tare da baƙi da mabuƙata. Abu biyu ne suka haɗu a al'adar: ziyarar kabari da ciyar da mai azumi.

Inda ta fi ƙarfi

A Indiya, harabar hubbaren Nizamuddin Auliya da ke Delhi, wanda ya rasu a 1325, cika take yi kafin magariba. A Ajmer, wajen Mu'inuddin Chishti da ya rasu a 1236, akwai manyan tukwane biyu, kyautar sarakuna Akbar da Jahangir, da ake dafa abincin sadaka a ciki. A Alƙahira kuwa, ana jera teburan ciyarwa kyauta a kewayen masallacin Husaini da na Sayyida Zainab. Kowa ya zo ya zauna, ba a tambayar daga ina yake.

Yadda take a Arewa

Mu ma muna da wuraren ziyara. Mafi shahara shi ne Hubbaren Shehu Usman Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda aka binne shi a 1817, kuma nan 'yarsa Nana Asma'u take kwance. Ɗansa Muhammadu Bello yana Wurno. Katsina na da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani.

Ga mutumin Kagarawal ko wata unguwa a Gombe, abin da ya fi kusa shi ne kabarin Modibbo Bubayero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu ya kafa masarautar Gombe, ya rasu a 1841. Kabarin yana Gombe Abba, cikin ƙaramar hukumar Dukku, kusa da kogin Gongola. Ba ya cikin birni saboda hedikwatar masarauta ta bar can: Turawa sun mai da ita Nafada a 1913, sannan Gombe ta yanzu a 1919.

Sai dai a wajenmu ziyara daban, shan ruwa daban. Mai ziyara kan yi sallama, ya yi addu'a, ya ba mabuƙatan bakin ƙofa sadaka, ya koma. Taron buɗa-baki kuwa ya fi zama a ƙofar gida, masallaci, zawiyya ko gidan malami mai rai, inda ake fito da dabino, kunun tsamiya da ƙosai, almajiri da attajiri a tabarma ɗaya.

Inda malamai suka saɓa

Babu mai jayayya kan ciyarwa, domin hadisin Tirmizi ya nuna wanda ya ba mai azumi abin buɗa-baki yana samun kwatankwacin ladansa. Ziyarar kabari don tuna lahira ma ta tabbata a Sahihu Muslim. Rigimar tana kan neman albarka a wajen. Malaman Kadiriyya da Tijjaniyya suna ganin tabarruki da tawassuli da bayin Allah na gari halal ne, matuƙar Allah ake roƙo. Malaman Izala, ƙungiyar da Shaikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, suna ganin keɓe kabari da wata ibada bidi'a ce da kan iya kai mutum ga shirka. Ɓangarorin biyu sun yarda ba a yi wa kabari sujada, ba a kuma bauta wa wanda ke ciki.

Ga mazauna kudu

Wanda ke Sabo a Ibadan, Agege a Legas ko Shagamu ya yi nisa da Sakkwato da Gombe Abba, amma ladan ciyarwa bai rataya da wuri ba. Ga direban tirela da dare ya riska, ga ɗan ci-rani da bai yi ciniki ba, ga matafiyi a tasha. Kofin kunu ɗaya da aka miƙa musu a masallacin unguwa ya wadatar. Idan kuma hanya ta kai ka ziyara a watan azumi, ka riƙe ladabi: sallama, addu'a ga mamaci, sadaka ga mai rai, kuma kada saɓanin fahimta ya hana ka miƙa wa maƙwabcinka dabino.