Zinariya Ta Tafi, Guba Ta Zauna: Darasi Daga Tarihin Obuasi

Goro ne ya fara kawo kakanninmu wannan ƙasa. Fatake daga Kano da Katsina suka yi ta bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, jama'a suka gangara kudu suna kafa zango gari bayan gari. A daidai wannan zamani, cikin 1897, aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a Obuasi. Da jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a farkon ƙarni na 20, sai garin ya cika da ma'aikata, mutanen zango kuwa suka zama mahautansu da telolinsu da malamansu.

Zinariyar Obuasi ba a fili take ba. Tana ƙulle cikin dutse mai ɗauke da gubar asinik, kuma shekara da shekaru sai an gasa dutsen kafin a fitar da ita. Hayaƙin ya riƙa sauka a kan gonaki da rafuka da rufin gidaje. Tun cikin shekarun 1970 masu bincike suka sami asinik a ƙasar garin, da tsirrai, har da gashin kan mazauna.

Abin lura shi ne, irin wannan guba ba ta ruɓewa kamar taki ko ganye. Ko an rufe rami, tana nan kwance, ruwan sama yana kai ta rijiya, rogo da ganyen miya suna zuƙa. Yau kuma ga galamsey: ana cuɗa zaiba da yashi don ta kama zinariya, a ƙona ta a sarari, ragowar ta bi kogunan Pra da Offin da Ankobra.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da 'yan'uwanmu na Zamfara a Najeriya. A 2010, niƙan dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje ya hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF sun ga cewa magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma rarrafe a tsakar gida ɗaya. Sai da aka kankare ƙasar saman gidajen, aka zuba sabuwa.

An daɗe ana kiranmu baƙi, amma a wannan ƙasa muka binne iyayenmu, a kanta 'ya'yanmu suke wasa. Saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Kada a shigo da dutsen ma'adini gida, kada a ƙona zaiba inda ake girki, a kuma nemi a gwada ruwan rijiyoyin unguwa. Sarakunan zango da limamai su ɗauki batun zuwa majalisa da mumbari.

Allah ya tsare mana zuriya.