Daga Tasin 1899 Zuwa Cybertruck: Ina Makomar Mai Tafiya A Ƙasa?

 

A watan Satumba na 1899, Henry Bliss ya sauko daga jirgin cikin gari a birnin New York, sai wata tasi ta banke shi, washegari ya cika. Shi ne na farko da tarihi ya rubuta cewa mota ta kashe a Amurka. Ita kuwa tasin, da lantarki take tafiya.

An daɗe ana ɗora laifin haɗari kan direba ko wanda aka buge. A 1965 Ralph Nader ya fitar da littafin Unsafe at Any Speed, ya nuna cewa ƙirar mota ma tana kisa. A 1966 Amurka ta kafa dokar ingancin motoci, amma na cikin mota ta fi karewa. Tarayyar Turai ce ta waiwayi na waje: a 2003 ta wajabta gwajin gaban mota, domin ya riƙa lotsawa idan ya bugi mutum, ƙarfin bugun ya ragu.

A nan aka samu saɓani da Cybertruck, a-kori-kurar lantarki da kamfanin Tesla ya fara miƙa wa masu saye a Nuwamba 2023. Jikinta ƙarfe ne mai tauri marar tsatsa, kusurwoyinta masu kaifi, nauyinta kusan tan uku. Ƙarfen da bai lotsa ba, jikin mutum ne zai karɓi bugun gaba ɗaya. Har ila yau, masu tafiya a ƙasa da motoci suka kashe a Amurka sun ƙaru daga kimanin 4,100 a 2009 zuwa kimanin 7,500 a 2022.

Wasu na cewa na'urar taimaka wa direba za ta hana bugun tun farko. Amma a Maris 2018 motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata a Tempe, jihar Arizona, alhali akwai mai lura a kujerar direba. A Disamba 2023 kuma Tesla ya yi wa motoci sama da miliyan biyu gyaran manhaja, saboda tsarin Autopilot bai isa ya tabbatar hankalin direba na kan hanya ba.

Don haka idan za ku yi rubutu kan sabuwar mota, kada ku tsaya kan gudunta da kuɗinta. Ku bincika abin da take yi wa wanda ke tsallaka titi, domin shi bai saye ta ba, ba a kuma yi shawara da shi ba.