Faifai: Sana'ar da Tarihin Kano Ya Manta da Ita

Duk mai ba da tarihin arzikin Kano yakan fara da kasuwar Kurmi da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya bi da karofin Ƙofar Mata, da masaƙa da dukawa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Waɗannan duka sana'o'in maza ne da ake yi a fili, inda baƙo zai gani ya rubuta. Saƙar faifai kuwa a cikin gida ake yin ta, a hannun mata, shi ya sa ba ta shiga littafi ba. Amma sana'a ce cikakkiya mai ilimi da kasuwa, kuma ja da bayan da take yi a unguwanni irin su Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya samo asali ne daga ƙarancin kayan aiki da arhar lada, fiye da wata gazawa ta faifan kansa.

Aikin shi ne shaida ta farko. Mace za ta samo kaba, wato ganyen ƙaramar goruba, ta shanya, ta tsaga sili-sili, ta jiƙa don ta yi laushi. Sai ta haɗa ɗan dami na ciyawa ko na ƙashin kaba ya zama ciki, ta fara daga cibiya tana naɗe shi, tana huda zagayen baya da basilla tana ɗaure sabon a jikinsa. Idan ta ja da ƙarfi fiye da kima faifan ya lanƙwashe, idan ta sassauta gari ya riƙa zuba. Ado kuma da lissafi ake fitar da shi, domin dole ta san inda ja zai shiga da inda baƙi zai karɓa tun kafin zagayen ya kai can. Da karan dafi ake samun jan kafin galura ta shigo kasuwa. Abin da ta saƙa yaro ko dillaliya ke kai shi ga mai saye, kuɗin kuma nata ne, da shi take zubin adashi da tara kayan ɗakin 'yarta.

Za a ce zamani ne ya wuce da faifai, tunda robar da masana'antun Sharaɗa da Bompai ke fitarwa ta fi arha, kuma ana wanke ta. Gaskiya ne roba ta karɓe aikin zuba kaya da ɗaukar ruwa. Sai dai jeren ɗakin amarya ya sauya daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa kwanon langa, faifai yana nan. Dalili shi ne kaushin saƙarsa ke riƙe tsaba ya bar dusa ta fice wajen bakace, abin da farantin roba mai santsi ba ya yi da kyau. Haka in an rufe ƙwaryar fura ko nono da shi, iska na shiga, gumi ba ya taruwa. Har yau 'yar Fulani mai tallan nono da faifai take rufe ƙwaryarta.

Matsalar tana ga ƙasa. Daurawa da Tarauni suna wajen ganuwa, kuma kafin birni ya bazu bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gonaki ne suka fi yawa a wannan yanki. Gini ya cinye filayen, kaba ta zama abin saye da ake kawowa daga nesa, har daga wurare irin Gulbin Kaba na yankin Maraɗi. Can ma yawan sara na hana goruba girma. Macen da ta sayi kaba da tsada, ta kwashe kwanaki tana saƙa, sannan aka taya faifanta a wulaƙance, ba za ta koya wa 'yarta ba.

Wani zai ce ai haka kowace tsohuwar sana'a take ƙarewa. Tarihi bai goyi bayansa ba. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa gonakin shinkafa na South Carolina a Amurka sun tafi da irin wannan saƙa ta naɗi, suna yin faya-fayan bakace. Jikokinsu, mutanen Gullah, suna saƙa har yau da ciyawar gaɓar teku da siraran ganyen itacen fayin, kuma a 2006 jihar ta ayyana aikin a matsayin sana'ar hannunta ta hukuma. Abin da ya taimaka wajen tsare ta shi ne an yi ƙoƙarin kare wuraren yankan ciyawar, an kuma yarda a biya masaƙa daidai wahalarsu. Kano na da masu saƙar da masu buƙatar kayan. Saura a dasa goruba a kuma kare wadda ta rage, a buɗe wa matan kasuwa da farashin da ya dace, a rubuta iliminsu tun tsofaffin da suka iya suna raye.